Surace ko wankin hanci da ruwan gishiri: wanne ya fi ga murar hunturu?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidimar biki ce ta hana ni zama in amsa. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi duk shekara da zarar hunturu ya kama, ita da ɗanta mai shekara shida sai atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci yana zuba, ido yana ƙaiƙayi, ba sa samun kansu sai zafi ya shigo. Surukarta ta ce a riƙa surace da ganyen dogon yaro da ɗan man zafi. Wata ƙawarta mai aikin jinya kuma ta ce a riƙa wanke hanci da ruwan gishiri. Tana son sanin wanne za ta riƙe.

Na yi duka biyun shekara da shekaru, don ni ma abokiyar fama ce. A Argungu na tashi, kusa da inda ake bugun shinkafa, kuma har yau in na wuce inda ake shiƙa sai na kwana ina fyace hanci. Idan ɗaya za ki ɗauka, ɗauki wankin hanci. Amma suracen Hajiya ma yana da wurinsa, zan zo kansa.

Ki fara da sanin cewa abin da kika kwatanta ba murar da ake ɗauka daga wani ba ce. Waccan ƙwayar cuta ce ke kawo ta, takan zo da ciwon maƙogwaro da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce abinta. Taku kuwa ita ce masu asibiti ke kira alaji. Majina tsararo kamar ruwa, atishawa biyar ko goma a jere musamman da asuba, ƙaiƙayi a ido da cikin hanci har can saman ganda, babu zazzaɓi, kuma ta ƙi tafiya wata da watanni. Jiki ne ke ɗaukar abin da bai kai ya kawo ba a matsayin abokin gaba. Da ya taɓa fatar cikin hanci sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kumbura hanyar iska, ya tsinko ruwa, ya tayar da ƙaiƙayi.

Abin da ke shiga hancin namu a nan Kebbi kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai hazon da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, mafi yawansa daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a da can tafki ne. Ga ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka, ga ɓuntun shinkafa, ga hayaƙin tattakar da ake ƙonewa a fadama kafin a shiga noman rani. Sai kuma ƙurar cikin ɗaki, ta barguna da rigunan sanyi da aka ciro daga ƙasan akwati bayan wata takwas. Iskar kanta a bushe take ƙayau, tana tsattsaga fatar hanci kamar yadda take yi wa leɓe da diddige. To a kan wannan ma'aunin za mu ɗora magungunan biyu: wanne ne ke fitar da abin da ya shiga?

Surace ba ya fitarwa. Abin da yake yi shi ne ya jiƙa hanyar da ta bushe, ya sassauta majinar da ta daskare. Man zafin da ake ɗigawa a ciki kuma, sinadarin mantol da ke cikinsa yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi a hanci, sai mutum ya ji kamar iska na shiga sosai, alhali kumburin yana nan yadda yake. Shi ya sa za ki fito daga cikin bargo kina gumi kina cewa alhamdulillahi, kafin ki gama ninke zanen gado hancin ya sake toshewa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙurar da ta maƙale tana nan, histamin yana ta aikinsa.

Ruwan gishiri kuwa shara yake yi. Yana bi ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗaya, ya tafi da ƙurar da majinar da wani ɓangare na sinadaran da ke hura wutar. Akwai wasu 'yan gashi ƙanana ƙwarai a fatar cikin hanci, ido ba ya ganinsu, aikinsu su riƙa tura datti baya zuwa maƙogwaro. Bushewar hunturu tana kashe musu gwiwa, ruwan gishiri yana taimaka musu su ci gaba da aiki. Daɗinsa a lokacin bai kai na surace ba, gaskiya ma ranar farko ba za ki so shi ba. Amfaninsa sai an jera kwanaki ake ganinsa, atishawar asuba ta ragu, barci ya daidaita.

An ma taɓa gwada su kafaɗa da kafaɗa. A shekarar 2016 masu bincike na Jami'ar Southampton da ke Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 871 masu yawan fama da toshewar hanci da ciwon kogon fuska, wato ramukan iska da ke cikin ƙashin goshi da kumatu. Waɗanda aka koya wa wankin hanci sun samu sauƙi, ba mai yawa can ba amma na gaske, kuma sun rage sayen magani. Masu surace kuwa ciwon kai ne kawai ya ɗan sassauta musu. Wannan gwajin a kan ciwon kogon fuska aka yi shi, amma a 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci tana auna su, ta duba na alajin hanci kansa, ta ga alamar ruwan gishiri yana rage wahalar ga manya da yara, ko da yake ta ce gwaje-gwajen ƙanana ne.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda muke kallon wankin hanci kamar baƙon abu na Turawa, alhali sau biyar a yini muke shaƙa ruwa mu fyace a alwala. Bambancin kawai, ruwan alwala a bakin hanci yake tsayawa, wannan kuwa yana ratsawa can ciki. Saboda ratsawar ne ake sa gishiri, don ruwa zalla yana yaji a can, kin san yadda ake ji in ruwa ya kufce ya haye kai. Kuma saboda ita ne dole a tafasa ruwan.

Wannan maganar tafasawar kada ki ɗauke ta da wasa, nan ne haɗarin wankin hanci yake. Akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi na tafki da gulbi da tankin da ba a kula da shi. In an sha ta ba ta komai, amma in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. Ba kasafai abin ke faruwa ba, amma a 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo da ba a tafasa ba. Don haka ko ruwan rijiya ne, ko na burtsatse, ko na 'yan ga-ruwa, ko na leda, a bar shi ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, a rufe ya huce har ya zama ɗumin jiki.

Awon kuma: giram 9 na gishiri a lita ɗaya, daidai da gishirin da ke cikin ruwan jikin mutum. A sauƙaƙe, ruwa cikin ledar fiya wata ɗaya rabin lita ne, ki sa masa gishiri ƙaramin cokalin shayi a shafe, ki ma ɗan rage. Kada ki ƙara kanwa ko lemun tsami ko wani abu don wai ya fi ƙarfi. Ki nemi babban sirinji marar allura a kemis. Ki sunkuya a kan roba, ki karkata kai gefe, ki buɗe baki kina numfashi ta nan, ki tura ruwan a hankali ta ƙofar da ke sama ya zubo ta ƙasa, sannan ki juya. Ki fyace a hankali, fyacewa da ƙarfi tana tura ruwa kunne. Safe da yamma ya isa, na yamman bayan an gama shiga ƙurar yini. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo, sirinjin kuma kowa da nasa, a wanke a shanya.

Ta fuskar kuɗi da wahala ba su da wani nisa. Duka biyun sai an hura wuta. Sai dai ruwan wanki sau ɗaya za ki tafasa na yini guda, surace kuwa kowane zama da tukunyarsa, kuma in da icce kike girki, hayaƙin da kika shaƙa wajen hura wutar ya riga ya ci rabin ribar.

Inda suka rabu nesa shi ne kan yaron. Ni dai ba zan sa ɗan shekara shida a bargo da tukunyar tafasasshen ruwa a gabansa ba. Atishawa ɗaya, gwiwa ta bugi tukunya, shi ke nan an koma jinyar ƙuna a cinya da gaba. Na ga wannan da idona a gidan maƙwabta, yarinyar ta yi makonni a kwance, tabon yana nan har ta girma. Sannan man zafi yana da kafur, ba a sa wa ƙananan yara shi a cikin hanci, kuma ƙamshinsa mai ƙarfi yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Wankin hanci kuwa ɗan shekara shida zai iya koya in ya ga kina yi. In ya ƙi sirinji kada ki danne shi, ki ɗiga masa ɗigo biyu ko uku a kowace ƙofa ki ce ya fyace.

To yaushe surace ke da rana? Daren da hancinki ya toshe ɗam, goshi ya yi nauyi, ko ruwan wankin ma ya ƙi wucewa. A nan ki zauna ki yi na minti goma, ruwan ya ɗan huce daga tafasa, ido a rufe, sannan ki bi da wanki tun hanyar tana sake. Haka nake yi. Ganyen dogon yaro ko na na'a-na'a in kina son ƙamshinsu ki sa, amma tururin ne ke aikin.

Ido kuwa babu ɗayansu da ya kai gare shi. Tsumma mai tsabta a ruwan sanyi a ɗora, a wanke fuska in an dawo daga makaranta, a yanke wa yaro farce don murzar ce ke ƙara ta'azzara abin. Ina roƙon 'yan zauren nan, a daina ɗiga ruwan albasa ko ruwan sukari ko nono a idon yara, kuma a daina sayen maganin ɗigawa a kemis da ka. Wasunsu suna ɗauke da sitiroyid, suna kashe ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe a kansu suna iya jawo hawan ruwan ido har a makance. Garin neman gira a rasa ido. Yaron da farin idonsa ya fara komawa ruwan ƙasa-ƙasa saboda yawan ƙaiƙayi, sashen ido na asibiti za a kai shi.

Na san wata za ta ce ina zuma da habbatus sauda. A sha, albarkarsu sananna ce, zuma a ruwan ɗumi da citta tana lallashin maƙogwaron da tari ya gurje, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Amma abin da aka haɗiya ba ya share ƙurar da ke cikin hanci. Man kaɗanya ya fi su kusa da wurin: ɗan kaɗan a bakin hanci kafin a fita yana hana tsagewa da haɓo, kada dai a cusa shi can ciki. Kuma duk wankin da za ki yi, in kika dawo kika banka turaren wuta a rufaffen ɗaki, ko kika share tsakar gida ba yayyafi, kin mayar da hannun agogo baya. Turaren nan na san da wuya mu bar shi, to a yi shi yaron yana makaranta, a buɗe tagogi. Takunkumin da muka ajiye tun zamanin korona ma a ciro shi ranar da hazo ya rufe gari.

Idan kin yi sati biyu kina wanki abin bai lafa ba, babu laifi a haɗa da ƙwayar alaji. Piriton tana sa barci, cetirizine da loratadine sun fi sauƙi ta wannan ɓangaren, na yaro kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awonsa. Amma in kika ji ƙirjinsa yana shewa da dare, ko yana haki in ya yi gudu, maganar ta wuce hanci, a duba shi ko asma ce. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa ba alaji ba ne ko kaɗan. Rani lokacin sanƙarau ne a yankinmu, a wannan ba a jiran gari ya waye.

Sauran Hajiya. Kada ki je ki ce mata an ce surace ba ya aiki, ba ki da wannan bakin, kuma ita ma ba ƙarya ta yi ba, ta ji daɗinsa ne ta so muku. Ki karɓi ganyen da hannu biyu, ki yi naki suracen a gabanta daren da kika toshe. Na jikan nata kuwa ki ce mata tsoron tukunyar kike yi saboda ƙiriniyarsa, kin san da kanta za ta ce a bar shi.