Wata goma da ƙaramin fur na kuran: yadda piza ta zauna a gidana a Yamai

Kuɗin piza ne suka kai ni sayen fur ɗin nan. Ranar da babbar ɗiyata ta ci jarrabawar BEPC, maigida ya kwashe mu zuwa wani gidan abinci a Filato. Mu shida, piza biyu, kowa ya samu yanka biyu, aka kawo takardar kuɗi na leƙa na ga cefanen kwana uku. Autana kuwa yana lasar yatsa yana cewa, "Mama, a ƙaro." A mota na yi ta lissafi: fulawa ce, tumatir ne, albasa ce, nama ne. Wanne ne babu a madafata? Cuku kawai da abin gashi.

Sati biyu bayan nan na sayo ƙaramin fur na kuran, wato wutar lantarki, irin wanda ake ɗorawa kan tebur, wanda a Najeriya ake ce wa obin. Jika 48 na biya, wato sefa 48,000, bayan ciniki mai tsawo. Lita 45 ne, wat 2,000, da ƙarfen zafi biyu a sama, biyu a ƙasa. Yana da maɓalli uku: na zafi da ke kaiwa digiri 250, na zaɓen wutar sama ko ta ƙasa ko duka, sai agogo mai minti 60. Ya zo da tire ɗaya da raga ɗaya. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, wannan har rabin rago yana gasawa." Rabin rago dai ba ya shiga, kaza biyu na shiga in an matsa su.

Gwajin farko abin kunya ne. Na kwaɓa, na murza, na shafa miyar tumatir, na zuba ɗanyen niƙaƙƙen nama da albasa da koren tattasai har ba a ganin ƙasa, don ina ganin yawan kaya shi ne karamci. Na kunna fur ɗin minti goma na saka. Bayan minti ashirin da biyar sama ya yi duhu, gefe ya bushe kamar busasshen burodin jiya, tsakiya kuwa ruwa kwance. Da na ɗaga yanka ɗaya sai ya lanƙwashe, kayan suka zube a tire. Ƙasan fari fat, kamar bai ga wuta ba. Surukata, wadda ta zo daga Tawa ganin likitan ido, ta ɗauki gefe ta juya shi ta ce, "Ɗiyata, mi ne ne wanga? Burodi ne aka zuba ma miya?" Na ce, "Inna, abincin Italiya ne." Ta ce Allah ya ba Italiya haƙuri, ta nemi furarta.

Sau uku ina maimaitawa ina samun abu ɗaya, har na fara zargin fulawa. Maƙwabciyata mai yin kek na biki ce ta aro mini ma'aunin zafi, ɗan ƙarami da ake ratayawa a raga. Na murɗa maɓalli zuwa 250, na jira rabin awa, allurar ta tsaya wajen 215. Na buɗe ƙofa na ƙirga goma na rufe, ta faɗi ƙasa da 180, kuma ta ɗauki mintuna kafin ta koma. To a Napoli, garin da piza ta fito, murhun itace suke amfani da shi, mai daɓen dutse, zafinsa ya haura digiri 430, piza na nuna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sana'ar masu pizar garin har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado a 2017. Wannan zafin shi ke sa ƙullun ya kumbura nan take, bayansa ya yi ƙamas, cikinsa ya tsaya da laushi. A rabin wannan zafin, kan siririn tire, ƙullu yana daɗewa ne yana bushewa, kayan sama kuma suna tsatso ruwa suna jiƙa shi.

Ɗaukewar kuran ce ta nuna mini mafita. Wata Asabar da yamma, piza na ciki da minti biyar, wuta ta tafi. Yara na zaune da faranti a hannu. Na ɗora babban kaskon suya mai kauri kan gaz, ya yi zafi sosai, na zame pizar a ciki ba mai, na rufe da murfin tukunya. Minti huɗu na ɗaga gefe da cokali, sai ga ƙasa ya yi ja da ɗigo-ɗigon baƙi, irin na gidan abincin nan. Da na yanka na ji ƙaras. Sama bai yi kyau ba, amma ranar na gane abin da fur ɗin ya rasa: abu mai nauyi da zai riƙe zafi ya buga wa ƙullu daga ƙasa.

Litinin na auna cikin fur ɗin da zaren ɗinki na nufi kasuwar Katako. Na samu wani mai walda na ce ya yanko mini farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 6, wanda ba a taɓa shafa wa fenti ba, ya goge bakinsa kada ya yanke hannu. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, murfin rijiya ne ko na me?" Na ce na abinci ne. Jika huɗu ya karɓa, har ya sa yaronsa ya kai mini bakin titi, don nauyinsa ya kusa kilo biyar. A gida na dirje shi da toka da soson ƙarfe, na wanke, na busar a kan wuta, na shafa man gyaɗa kaɗan na gasa shi shi kaɗai har ya yi baƙi. Ba a barin ruwa a jikinsa, tsatsa yake yi kafin gari ya waye, musamman da damina.

Yanzu ina sa ƙarfen a raga, mataki na biyu daga sama, in kunna wuta sama da ƙasa minti 40 kafin piza ta shiga. Ina shimfiɗa ƙullun kan katakon yanka da na barbaɗa wa garin masara, in girgiza in ga yana motsi, sannan in zame shi kan ƙarfen in rufe ƙofa da sauri. Minti bakwai zuwa takwas ta nuna. Tsakanin piza da piza sai na ba ƙarfen minti biyar ya maido zafinsa, in ba haka ba ta biyun tana fita fara.

Ƙullun ba shi da wuya: fulawa giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 10, man zaitun ko na gyaɗa cokali biyu, da yis, wato lebir ɗin da muke sa wa fanke. Yana ba ni piza uku daidai faɗin ƙarfen. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yanayin Yamai na da hannu a ciki. A watan Disamba, da hazo da sanyin safe, ƙaramin cokali ɗaya na yis sai ya yi awa biyu kafin ƙullu ya ninka, kuma in ban rufe shi da leda ba iska na busar da bayansa ya yi ɓawo. A watan Afrilu, da zafi ya haura 40, wannan awon cikin minti arba'in ya cika roba ya fara tsami, in ka ja shi ya yage. Da bazara rabin cokali nake sawa, in kwaɓa da ruwan firigo, in bar shi ya kwana a firigon. Wanda ya kwana ya fi daɗi nesa ba kusa ba, ya kuma fi miƙewa a hannu. Na daina murzawa da kwalba, tana kashe kumfar da ke ciki. Da yatsu nake dannawa daga tsakiya, in bar gefe da kaurinsa.

Kayan sama kuwa, duk maganar ta ruwa ce. Tumatir na lambun bakin kogi, lokacin sanyi da yake araha, ina markaɗa shi da tafarnuwa in dafa har ya yi kauri, cokali ya ja layi a tukunya layin bai rufe ba. Cokali uku sun ishi piza ɗaya. Niƙaƙƙen naman sa ina soya shi tukuna da gishiri da masoro da ɗan citta har ruwansa ya ƙone, don minti takwas ba sa dafa ɗanyen nama yadda hankali zai kwanta. Albasar Galmi, ja-ja ɗin nan ta jiharmu ta Tawa, ina yanka ta siriri kamar zare, in barbaɗa gishiri in matse. A wuta zafinta na tafiya ya bar zaƙi, kuma ban ga albasar da ta kama ƙafarta a nan ba. Koren tattasai shi ma siriri, kuma kaɗan. In ba a ganin jan miya ta tsakanin kaya, an cika.

Na gwada kilishi sau ɗaya na sa shi tun farko, ya ƙone ya yi ɗaci. Yanzu sai an fito da ita nake marmasa shi a kai, zafin ya tausasa shi, maigida ya fi son wannan. Ragowar gasasshen naman rago na daren jiya ma yana yi sosai. Zogale dafaffe da aka matse ya karɓu wajen manya, yara suka tsince shi tas suka tara a gefen faranti. Masu sayen naman leda na waje a manyan kantuna su karanta abin da aka rubuta a jiki, da yawa daga irin jan naman da ake jerawa kan piza a Turai da Amurka na alade ne.

Cuku shi ne inda kuɗin ke tafiya. Mozarela, wato cukun piza, ita ce ke narkewa ta yi zaren nan da yara ke so, kuma daga waje take zuwa, ƙulli ɗaya ya fi duk sauran kayan tsada in an haɗa su. Ina sayen babba in gurza in raba a leda in daskarar. Na so ƙwarai cukunmu na Tawa ya maye gurbinta, wanda ake shanyawa fale-fale har zanen tabarma ya fito a jikinsa. Ba ya narkewa, ƙara ƙarfi ma yake a wuta. Wagashi na Fulani, da ake kamawa da tumfafiya, shi ma yadda ka yanka shi haka zai fito, sai dai ya yi ja a gefe. Amma cukun Tawa in aka daka shi aka barbaɗa bayan an sauke, yana ba da ƙamshin nono mai ɗan tsami, har ya sa na rage mozarela da kashi ɗaya cikin uku ba wanda ya yi ƙorafi.

Aibobin fur ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Gilashin ƙofar ɗaya ne, yana zafi kamar dutsen guga, ina da tabo a wuyan hannu shaida, kuma dole na mayar da shi kan tebur mai tsayi saboda auta. Bayansa ya fi gabansa wuta, sai an juya piza a tsakiyar gashi. Agogon da zarar ya cika minti 60 yana kashe komai, sau biyu ina mantawa in tarar da ƙarfe ya huce ina tsaka da baƙi. Tiren da ya zo da shi yana lanƙwashewa da ƙara, ƙwas, da zarar ya yi zafi, yanzu gyaɗa kawai nake gasawa a ciki. Wat 2,000 kuma ba wasa ba ne a ƙaramin konta, wato mitar wuta: in fur na aiki aka kunna dutsen guga, gidan gaba ɗaya ke yin duhu. Ta fuskar kuɗin wuta dai bai tsorata ni ba, awa ɗaya ba ta wuce kilowat biyu, kuma yana kashe kansa yana kunnawa in ya kai zafi. Da bazara, lokacin da wuta ke zuwa da rauni da daddare, ya fi jinkirin zafi, shi ya sa na mayar da pizarmu ta koma abincin rana.

Duk da haka ban yi nadama ba. Kek, kaza, dankali, gasasshen kifi, duk yana yi ba gardama. Wadda take son piza don gidanta, sau ɗaya ko biyu a wata, ta saya, amma ta ware kuɗin ƙarfe tun ranar, don in babu shi abin da Inna ta gani za ta gani. Wadda take tunanin sana'a kada ta fara da wannan, piza ɗaya yake ɗauka, kuma tsakanin gashi da jira bai fi biyar ba a awa. Gara ta tara ta sa a ƙera mata na gaz.

A wata na takwas maɓallin agogon ya kwance ya fita, yanzu da filaya nake murɗa shi, tana rataye a ƙusa kusa da fur ɗin. Inna ta dawo Yamai satin jiya don a sake duba idon. Ranar Asabar na yi mata guda ba mozarela, albasa da nama da dakakken cuku kawai, da yaji a gefe. Ta ci yanka uku, ta ce har yanzu burodi ne da miya, ta sa a naɗe mata sauran a takarda saboda shayin safe.