Tarin faifan I Love Lucy: hoto tas, amma a duba na'ura kafin a saya

Tarin ya ƙunshi wannan shirin barkwanci gaba ɗaya, kashi 180 da gidan talabijin na CBS ya nuna a Amurka daga 1951 zuwa 1957, kowanne kusan minti 25, a kan faifan DVD sama da 30. Hoton baƙi da fari ne, amma ya fita tas, har zanen rigar Lucille Ball, tauraruwar shirin, ana gani.

Kyan hoton yana da dalili. A wancan zamanin ana watsa yawancin shirye-shirye kai tsaye daga New York, kwafin da ake ajiyewa kuma ɗaukar fuskar talabijin ne da kyamara, shi ya sa suke dishi-dishi. Ball da mijinta Desi Arnaz, ɗan Kyuba, suka ƙi barin Los Angeles. Suka yarda a rage musu albashi domin a ɗauki shirin a fim mai faɗin milimita 35, da kyamara uku a gaban 'yan kallo, mallakar fim ɗin kuma ta zama ta kamfaninsu Desilu. Wannan cinikin ne mai saye yake cin moriyarsa yau.

Matsalar tana wajen kunnawa. An raba duniya yanki-yanki wajen kunna faifan DVD: bugun Amurka na yanki na 1 ne, a tsarin hoton talabijin na Amurka mai suna NTSC, Najeriya da Nijar kuwa suna yanki na 5. Na'urar DVD da aka kulle wa wani yanki daban za ta ƙi faifan, a zaci jabu ne. A nemi wadda ba ta zaɓen yanki. A kwamfuta ana iya sauya yankin, amma sau biyar kawai, daga nan ya kulle. Sannan a saita girman hoton talabijin a 4:3, irin na tsohuwar talabijin, in ba haka ba fuskoki za su baje. Idan kwalin mai aljihun takarda ne, a mayar da faifan cikin gidan roba, don zarowa da mayarwa na karce su.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai fi jin daɗin kashin da jiki ke magana. A fara da na 1952 inda Ball take aikin naɗe cakulan, bel ɗin da ke kawo su yana ƙara gudu, tana cusa su a baki da hula. Barkwancin baka kam wani ya tsufa, musamman na mace mai roƙon mijinta kuɗin cefane.

Abin da tarin bai bayar ba shi ne rabin farko na aikin Ball. Tana da shekara 40 aka fara shirin, bayan ta yi finafinai da dama a kamfanin RKO. Haka nan wanda yake son labarin yadda ta sayi kason Arnaz na Desilu a 1962, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirye-shiryen talabijin a Hollywood, sai ya nema a wani wuri.