QTableView na Qt: jadawalin da ke kula da layukan da ido ke gani kaɗai

Duk mai rubuta manhajar kwamfuta da ya taɓa zuba layuka 100,000 a jadawali guda ya san yadda taga ke daskarewa, linzami ya yi ta yawo ba mai amsa masa. Abin da ya sa nake yaba wa QTableView, jadawalin da ya zo tare da Qt 4 a shekarar 2005 (Qt tarin kayan aikin gina manhajoji ne), shi ne an raba ajiyar bayanai da nuna su. Mai rubuta manhajar zai gina ma'ajin bayanansa a kan QAbstractTableModel, ya faɗi yawan layuka ta rowCount(), shi kuwa jadawalin, a lokacin zane, ba ya kiran data() sai don guraben da suka bayyana a taga. Idan layi 40 ne a gaban mai karatu, su kaɗai za a tambaya, sauran kuma sai an gungura zuwa gare su. Ɗan'uwansa QTableWidget ya fi sauƙin farawa, amma kowane gurbi mai bayani sai an ƙirƙira masa abinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko an gan shi ko ba a gan shi ba.

Inda aikin ya fi ƙayatar da ni shi ne bayanan da ke sauyawa kowane daƙiƙa. Da rowAt() ake gano layin da ke saman taga da wanda ke ƙasanta, sai a ɗauko sabbin alƙaluman wannan tsakanin kawai, a sanar da jadawali ta dataChanged. A nan akwai tarko: idan layukan ba su cika taga ba, rowAt() yana dawo da -1 a ƙasan taga, wato babu layi a wurin, kuma wanda bai yi tanadin hakan ba zai ga jadawalinsa ya daina sabuntawa ba tare da wani gargaɗi ba. Ni kaina na faɗa ciki, laifin kuma nawa ne, don a rubuce yake a takardun bayani.

Sai dai ba kowane aiki ke da wannan arahar ba. Jera layuka da QSortFilterProxyModel yana tilasta karanta kowane layi, kuma daidaita faɗin shafin jadawali (column) da abin da ke ciki yakan leƙa har layuka 1,000 idan ba a rage adadin da setResizeContentsPrecision() ba. Wanda ma'ajinsa ke jiran rumbun bayanai mai nisa gara ya bar wa rumbun aikin jerawa, ya kuma tsayar da faɗin da hannunsa.