Ofishin gyaran maƙala a hanyar Dang: yadda suka shirya rubutuna kafin ya tafi mujalla

Na shafe fiye da shekara biyu ina bin diddigin yadda gudumomin injin niƙa ke cinyewa, irin waɗanda maƙeranmu ke yankowa daga sifirin na tsofaffin motoci su sayar wa masu niƙan masara da dawa a unguwannin Ngaundere. Da awo ya kammala na rubuta sakamakon da Faransanci, kamar yadda muka saba a nan, sai dai manyan mujallun injiniyancin injuna, ko na ƙungiyar ASME ta Amurka da aka kafa a 1880, ko na IMechE ta Ingila wadda take nan tun 1847, ko na kamfanin Elsevier, dukkansu da Ingilishi suke karɓar rubutu. Na fassara da kaina na aika wa wata mujalla, cikin 'yan kwanaki edita ya dawo mini da maƙalar ba tare da ya miƙa ta ga masu tantancewa ba, ya ce harshe da tsari ba su kai yadda za a ba wani ya karanta ba. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin ofishi da ke kan hanyar Dang, inda harabar jami'a take, wanda sana'arsa ita ce fassara da gyaran rubuce-rubucen ɗalibai da malamai.

Mutum uku ne ke aikin. Akwai Hajiyar da ke riƙe da ofishin, ita ke karɓar aiki da yanke farashi. Akwai wani dattijo ɗan yankin Bamenda da ya daɗe yana koyar da Ingilishi, shi ke fassara da gyaran harshe. Sai wani saurayi mai kula da tsarin shafi, hotuna da manazarta. Da yawan kalmomi suke lissafin kuɗi, maƙalata kuwa ta kusa kalma 6,000, aka yanka mini sefa 75,000, rabi kafin a fara, rabi bayan an gama, kuma ana iya biya ta waya. A cikin kuɗin har da karatu na biyu idan masu tantancewa suka nemi gyara. Sun yi alkawarin kwana goma, aikin ya ci kwana goma sha uku, amma sun kira ni sun sanar da ni jinkirin tun kafin wa'adi ya cika.

Tun ranar farko na tambayi Hajiya ko bayan gyaransu mujalla za ta karɓa. Ta ce, "Malam, karɓa ba a hannunmu take ba. Mu dai za mu sa edita ya karanta ba tare da ya yi tuntuɓe ba, sauran kuma tsakaninka ne da awonka." Wannan amsar ce ta sa na amince da su, domin duk wanda ya taɓa saka adireshin imel ɗinsa a jikin wata maƙala ya san irin saƙonnin da ke biyo baya daga mujallun bogi masu alkawarin bugawa cikin mako guda idan an biya. Ta kuma ba ni shawara in tabbatar mujallar da na zaɓa tana cikin kundin tantantattun mujallu na Scopus, ko cikin irinsa na DOAJ idan ta masu buɗe wa kowa karatu kyauta ce, tunda kwamitin CCIU mai duba ƙarin girman malaman jami'a a Kamaru, da hukumar CAMES mai irin wannan aiki ga 'yan'uwanmu na Chadi, suna lura da inda aka buga aiki.

Ta fuskar tsari ban ga abin kushewa ba, kuma a nan ne na gane yawan abin da na yi sakaci da shi a karon farko. Mu da muka yi karatu da Faransanci da waƙafi muke raba lamba da gutsurenta, mu rubuta 0,45, alhali a Ingilishi ɗigo ake sawa, 0.45. Abin kamar ƙarami ne, amma idan na rubuta 1,250 ina nufin ɗaya da kwata, mai karatu a Ingila ko Amurka dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin zai gani, kuma a lissafin giram nawa guduma ta rasa wannan ba ƙaramin saɓani ba ne. Na gyara waƙafin a cikin rubutu tun farko, amma na manta da jadawalai da lambobin da ke gefen zane-zane, waɗanda kwamfutata ta fitar bisa saitin Faransanci. Saurayin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ainihin fayilolin awo ya sake zana kowane zane, ya kuma fitar da su da kaifin da Elsevier ke nema: ɗigo 300 a kowane inci ga hoto, 1000 ga zanen layi, 500 ga wanda ya haɗa biyun. Hotunan fuskar gudumomi da na ɗauka ta madubin ƙara girma babu sandar ma'auni a jikinsu, ya dawo mini da su ya ce ba zai ƙirƙiri abin da bai auna ba, sai na koma ɗakin gwaji na sake ɗauka. Ya tsara jerin alamomin lissafi da ma'anarsu da ma'auninsu na SI, wato tsarin awo na duniya, ya zuba manazarta cikin manhajar Zotero ya nemo lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ta kowace maƙala mai ita, a nan ne ma ya gano guda biyu da na ambata a cikin rubutu amma babu su a jeri. Ya kuma taimaka wajen matse muhimman sakamako zuwa gajerun layukan da mujallar ke so a gaba, daga uku zuwa biyar, kowane kada ya wuce harafi 85 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Matsalar tana wajen fassara, kuma ita ce dalilin da ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan. Dattijon ya ce gara ya koma kan asalin Faransancin maimakon ya yi ta facin tawa fassarar, kuma gaskiya Ingilishin da ya fito daga hannunsa mai santsi ne, tsakuren maƙalar ya zama abin da mutum zai karanta da numfashi guda. Amma shi malamin harshe ne, ba injiniya ba. Kalmar contrainte a maganar yau da kullum takura ce ko ƙaidi, shi ya sa ya rubuta constraint, alhali a bakin injiniya tana nufin rabon ƙarfin da ke kan kowane yanki na jikin ƙarfe, wanda ake aunawa da megafaskal, kuma sunansa a Ingilishi stress. Kalmar résilience, wadda a wurinmu take nufin juriyar ƙarfe ga bugu kamar yadda gwajin Charpy ke nunawa, ya bar ta da kamarta, ba tare da sanin cewa resilience a Ingilishin injiniyoyi wani abu ne daban, wato makamashin da ƙarfe ke iya riƙewa ya saki ba tare da ya lanƙwashe dindindin ba. A kan revenu, wato sake ɗumama ƙarfe bayan an tsoma shi da zafinsa cikin ruwa ko mai domin a rage masa gautsi, ya kyauta: ya ga ma'anar kuɗin shiga ba ta zauna a jimlar ba, sai ya sa alamar tambaya ya bar mini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ƙarancin sani ne ya kawo shi ba, kyakkyawar tarbiyyar marubuci ce aka kai inda ba ta dace ba. An koya wa duk mai rubutu ya guji maimaita kalma ɗaya a jimloli masu bin juna, don haka inda na maimaita kalmar tauri sau uku a sakin layi guda, sai ya bar ta farko ya sauya sauran da kalmomin da ke nufin ƙarfi da juriya. A injiniyanci waɗannan abubuwa uku ne daban, kowanne da gwajinsa. Tauri shi ne na auna da gwajin Vickers bisa ƙa'idar ISO 6507, inda ake danna tsinin lu'ulu'u a fuskar ƙarfe a auna girman gurbin da ya bari. Dukkan hujjar maƙalar kuwa a kan dokar Archard ta 1953 take tsaye, wadda ke cewa yawan abin da ke cinyewa yana ƙaruwa da nauyin da ke danna da nisan gugar, yana kuma raguwa idan tauri ya ƙaru. Ƙarfen da aka tsoma ba a sake ɗumama shi ba yana iya yin tauri sosai amma ya rasa juriya, ya tsage a bugun farko, kuma wannan bambancin shi ne abin da nake so in nuna game da aikin maƙeranmu. Da maƙalar ta tafi haka, da mai tantancewa ya ɗauka ban san bambancin ba. Na kwana biyu ina bin fassarar jimla bayan jimla da asalin a gefe, abin da ya sa nake ganin kuskure ne ofishin ya karɓi rubutun fasaha ba tare da ya fara neman jerin kalmomin fannin daga marubuci ba. Da na kai ƙorafi dattijon bai yi musu ba. Ya ce, "Malam, zauna ka nuna mini," muka yi yamma guda muna gyarawa, kuma ba su ƙara mini ko sisi ba.

Wajen aikawa sun tsaya a kan cewa ni zan buɗe asusu da sunana a Editorial Manager, manhajar da mujallar ke karɓar maƙala ta cikinta, da imel ɗina da lambata ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai alama 16, domin duk wasiƙar edita ta zo mini kai tsaye. Saurayin ya zauna kusa da ni muka cike bayanin gudummawar kowane marubuci da bayanin cewa ba mu da wata maslaha ta kuɗi a sakamakon, muka ɗora wasiƙar gabatarwa wadda ta tabbatar da cewa maƙalar ba ta gaban wata mujalla. Ya tunatar da ni cewa bayan ɗora fayiloli manhajar tana haɗa su ta fitar da PDF, kuma sai marubuci ya buɗe ya duba ya amince kafin a ɗauka an aika, matakin da ya ce mutane kan manta su zauna jiran amsar abin da bai bar hannunsu ba. Ranar an ɗauke wuta muna tsaka da aiki, muka ƙarasa da intanet na waya.

A wannan karon maƙalar ta wuce teburin edita ta isa ga masu tantancewa biyu, bayan 'yan watanni amsa ta zo da buƙatar babban gyara. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi magana a kan harshe. Tambayoyinsu a kan aikina ne: sau nawa na maimaita kowane awo, ina iyakar kuskuren sikelin da na auna nauyi da shi, me ya sa ban kwatanta da gwajin yashi da tayar roba na ASTM G65 ba, kuma yaya na bambanta cinyewar da hatsi ya jawo da wadda tsakuwa da yashin cikin hatsi suka jawo. Ofishin ba shi da abin cewa a kan waɗannan, kuma bai yi ƙoƙarin cewa ba. Sun dai cika alkawarin karatu na biyu, sun gyara harshen wasiƙar da na amsa kowace tambaya da lambar shafi da layi, suka kuma sassauta wasu jimloli da na rubuta cikin zafin rai.

Wanda ke Garwa ko Marwa ko Injamena yana iya tura musu aiki ta imel, amma ya haɗa da jerin kalmomin fanninsa a harsunan biyu, ya kuma ware kwana biyu ko uku na karanta fassarar da kansa kafin ya biya sauran kuɗin. Jerin da muka tsara da dattijon yanzu yana manne a bangon ofishin, kalmomin ƙarfe da guga ne kusan dukkansu, kuma Hajiya ta roƙe ni in nemo mata wani abokin aiki mai nazarin zafi da kwararar ruwa ya ƙara nasa. Gyararriyar maƙalar ta koma wurin edita makon jiya.