Kofin gwajin ƙwaya a wurin aiki: abin da yake kamawa da wanda yake tsallakewa

Mai gidan mai, kamfanin gadi ko makarantar kuɗi a Katsina da ke son gwada direba ko maigadi kafin ɗauka, abin da za a fara miƙo masa a shagon kayan asibiti shi ne kofin gwajin fitsari. Kofin roba ne mai murfi, a jikinsa akwai siraran takardu biyar zuwa goma sha biyu, kowace da ƙwayar da take nema. Yana da sauƙin aiki kuma ba ya buƙatar wuta. Sai dai idan ya faɗa hannun wanda bai san shi ba, yana iya raba bawan Allah da hanyar abincinsa.

Ana buƙatar fitsari kamar mililita 30. Cikin minti 4 a duba ma'aunin zafin da ke jikin kofin; idan bai faɗo tsakanin digiri 32 da 38 ba, akwai alamar an zo da fitsarin wani ko an sirka da ruwa. A karanta sakamako a minti na 5, bayan minti 10 kuma a daina dogaro da shi. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne layuka. Mun saba a gwajin ciki da na zazzaɓin cizon sauro layi biyu na nufin akwai. A nan akasin haka ne: layi biyu, babu ƙwaya, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya a kan harafin C, wato layin da ke nuna kofin yana aiki, shi ne zargi. Idan C bai fito ba, kofin ya lalace.

Zafin garinmu babban abokin gabarsa ne. Kwalin na cewa a ajiye tsakanin digiri 2 da 30, alhali a watan Afrilu Katsina da Daura kan haura 40. Kofin da ya kwana a but ɗin mota daga Kano, ko ya yi wata a shagon kwano, bai cancanci a yanke wa kowa hukunci da shi ba, ko da kwanan watansa bai ƙare ba.

Kada a sayi mai takardu biyar don arha. An tsara shi ne don ƙwayoyin Amurka. Takardar OPI tana kama kodin, amma ba ta ganin tiramadol, sai mai alamar TRA ko TML. Roci da diyazafam suna ƙarƙashin takarda mai alamar BZO. Sholisho da Exol kuwa wucewa suke salin-alin. Wato wanda ya fi haɗari a kan sitiyari yana iya fita fes.

Haka kuma kofin yana iya ɗora wa mai gaskiya laifi. Efavirenz, maganin cutar ƙanjamau, yana iya nuna alamar wiwi. Rifampicin na tarin fuka yana iya nuna alamar kodin. Wasu magungunan mura suna fitowa a layin amfetamin. Don haka a tambayi mutum magungunan da yake sha, cikin sirri, kafin gwaji. A raba fitsarin kwalba biyu, a rufe a gabansa ya sa hannu, duk wanda ya nuna layi ɗaya a kai ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar tabbatarwa. Korar ma'aikaci kafin wannan zalunci ne.

Takardar THC, wato ta wiwi, ita ce ta fi jawo gardama. Tana kamawa daga nanogiram 50 a kowace mililita, kuma ragowar da jiki ya sarrafa take gani. Wanda ya sha sau ɗaya, takan gan shi har kamar kwana uku. Wanda ya daɗe yana busawa, har wata guda. Ba ta iya cewa mutum yana cikin maye a yanzu. A Kanada, inda aka halatta wiwi a 2018, da Afirka ta Kudu, inda kotun tsarin mulki ta yarda da shan ta a keɓe a shekarar, wannan ya zama rigima tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu: ta yaya za a kori mutum kan abin da doka ta ba shi dama, ya kuma yi shi ranar hutunsa? A Najeriya ba a kai nan ba. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi kira a bari a noma ta don magani, amma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta tsaya kan haramci, kuma binciken 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar sun kai miliyan 10.6.

Wanda damuwarsa ita ce ko direban tanka ya sha wani abu da safen nan, gwajin yawu ya fi masa, domin abin da aka sha cikin kusan awa 24 yake nunawa. Kofin fitsari ya fi dacewa da lokacin ɗaukar aiki, shi ma mai takardu goma ko fiye, da tiramadol a ciki da takardar gano fitsarin da aka tsarma da ruwa.