Allon launukan da aka gina mini: abin da ya yi da abin da ya saura

Sana'ata zane da buga katin gayyata, kalandar biki, sitika da allunan talla, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wadata a nan Yamai. Duk mai wannan sana'a ya san rabin rigimarmu da masu kawo aiki a kan launi take. Shi ya sa na ba wani matashi mai rubuta manhaja aikin gina mini allon launuka a kwamfuta, kuma yanzu da na yi aiki da shi cikin damina da rani, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same shi.

Kafin wannan, da mai tsintar launi na cikin manhajar PowerToys nake aiki, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta. Ka danna maɓallan Win da Shift da C, ka ɗora linzami a ko'ina, ya ba ka lambar launin. Yana aikinsa yadda ya kamata, yana kuma riƙe launuka 20 na baya-bayan nan. Buƙatata ce ta wuce nan. Ina son launin kowace uwar biki ya zauna a wurinsa har wata shida, kuma ya fito da girman da za ta iya gani daga bencin da take zaune.

Abin da yaron ya gina da Python, wani harshen rubuta manhaja, ba shi da wani ado. Taga ce ɗaya, an raba ta gida-gida, kowane gida faɗin kwalin ashana biyu, a ƙarƙashinsa lambar launin da sunan da na raɗa masa. Ka tsinci launi, ya faɗa gidan da ba kowa. Ka danna gida, lambar ta kwafu, sai ka manna ta a manhajar zane, GIMP ko Inkscape. Yana kuma fitar da fayil irin na .gpl, wanda manhajojin nan biyu duk suna karantawa.

Inda ya burge ni shi ne bangon allon. Ni fari na ce ya sa. Ya ce, "Yaya, ka bari in sa ruwan toka, in bai yi maka ba sai mu canza." Ya ɗauki ruwan goro ɗaya, ya ɗora shi a kan fari, ya ɗora shi a kan baƙi, ya juyo mini da kwamfutar. A kan baƙin sai ƙyalli yake, a kan farin kuma ya yi duhu, alhali lambarsu ɗaya. Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, da maƙwabcinsa yake auna shi. Toka ta tsakiya, wadda ja da tsanwa da shuɗinta duk suke kan 128 a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 255, ba ta jan ido ko'ina. Ya kuma bar rata tsakanin gidajen don kada su rina juna, amma in ka jawo gida biyu suka haɗu, ratar sai ta ɓace, ka ga yadda za su zauna tare a jikin kati. Wannan kaɗai ya biya kuɗin aikin.

Sai batun hoton WhatsApp. Yawancin masu biki hoton atamfar anko ko shadda suke turo mini, su ce a yi kati da wannan launi. Hoton kuwa an matse shi kafin ya iso, don haka in ka ƙara girmansa za ka ga abin da kake zaton shuɗi ɗaya ne ashe ɗigo-ɗigo ne, wani ya yi haske, wani ya karkata zuwa shunayya. Ka tsinci ɗigo ɗaya, sa'a ce kawai. Allon nan yana ɗaukar ɗigo 5 a tsaye, 5 a kwance, 25 ke nan, ya fitar da matsakaicinsu. Launin da yake bayarwa ya fi kusa da abin da ido ke gani a zanen nesa ba kusa ba. Rubutun da ke jikin gidan kuma shi yake zaɓar baƙi ko fari gwargwadon hasken launin, kuma lissafin daidai yake, don ya ba tsanwa kaso mafi girma, wajen 72 cikin 100, shuɗi kuwa 7 kacal, kamar yadda idon mutum yake ji.

Akwai abin da bai yi mini ba, kuma babba ne. A ƙarƙashin kowane gida yana nuna lambobin CMYK, wato na tawada huɗu da injin bugawa ke aiki da su. Lambobin nan lissafin kai tsaye ne daga RGB, wato lambobin ja da tsanwa da shuɗi na fuskar kwamfuta, ba su san injina ba, ba su san takardata ba. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, tana iya ba da lamba har 16,777,216, tawada kuwa ba ta kai can. Shuɗi mai ƙarfi, 0, 0, 255, in ya sauka a takarda sai ya dushe ya koma wajen shunayya. Na ga haka da idona a katin wata Hajiya. Ta riƙe katin kusa da kwamfutar ta ce, "Malam, ai ba wannan muka zaɓa ba." Gaskiyarta. Lamba da ba za a iya dogara da ita ba gara babu ita, don sabon yaron shago zai ɗauka gaskiya ce.

Da na kai masa kuka bai yi musu ba. Ya ƙara maɓalli guda da ke buga allon gaba ɗaya a takarda, kowane gida da lambarsa. Yanzu ina da guda a takarda mai sheƙi, guda a ledar allon talla, don tawada ɗaya ba ta zama iri ɗaya a kansu. Daga takardar masu kawo aiki ke zaɓa, a bakin ƙofa cikin hasken rana, ni kuma in koma kwamfuta in danna gidan. Sai dai rana tana cin launin takardar, musamman ja da rawaya, dole a riƙa sabuntawa kuma a adana ta cikin aljihun tebur.

Ƙananan matsaloli ma akwai. Da na haɗa babbar fuska ta biyu wadda aka ƙara girman rubutunta zuwa kashi 125, sai ya riƙa tsintar launin gefen inda linzami yake. Ya gyara wannan cikin yini. In ka goge gida kuwa ya tafi ke nan, babu hanyar dawo da shi, kuma har yanzu ina jiran wannan gyaran. Neman launi da suna ma babu, ga gidajen sun yi yawa. Amma ya yi dabara ɗaya da ta dace da garinmu: da zarar ka tsinci launi yake adana shi, ko an ɗauke wuta ba abin da ke salwanta.

Mai shago irin nawa, ko tela mai haɗa zare da yadi ta hoto, zai amfana da irin wannan allo. In za ka sa a gina maka, ka nemi bangon toka, manyan gidaje, matsakaicin ɗigo da maɓallin bugawa tun ranar farko, ka kuma ce a cire lambobin CMYK har sai an auna su da injinka.