Alkestis biyu: ta Yurifidis da ta Ted Hughes

Malama, kin tambaya ko wanda ya karanta wasan kwaikwayon Alkestis na Ted Hughes, mawaƙin Ingila, yana da buƙatar komawa ga na Yurifidis, marubucin Girka ta dā, tunda labarin ɗaya ne. A ganina yana da buƙata ƙwarai, domin marubutan biyu ba wuri ɗaya suka ɗora nauyin labarin ba.

Ƙashin bayan labarin bai sauya ba. Ajalin Sarki Admetus na ƙasar Tasaliya ya zo, sai Afolo, ɗaya daga cikin gumakan Girkawa, ya samo masa sassauci cewa zai rayu idan wani ya yarda ya mutu a madadinsa. Iyayensa tsofaffi suka ƙi, matarsa Alkestis ta amince. Ranar da ta cika jarumi Herakulis ya sauka a gidan, mai gida ya ɓoye masa rasuwar don kada baƙo ya juya, shi kuwa da ya gano gaskiya ya tafi kabari ya yi kokawa da Mutuwa, ya dawo da matar a lulluɓe.

An nuna wasan Yurifidis a birnin Atina a shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma inda ya fi taɓa ni shi ne zuwan Feres, mahaifin sarki, ɗauke da kayan ado na gawa. Ɗan ya tarbe shi da gori, tsohon kuma ya mayar masa cewa ya haife shi ya raine shi, amma babu bashin rai a kansa, kuma wanda ya bari mace ta mutu dominsa ba shi da bakin kiran wani matsoraci. Daga wannan wuri mai karatu ba ya sake kallon hawayen Admetus ba tare da tuhuma ba.

Hughes bai cire wannan cacar baki ba, sai dai zuciyarsa tana wajen mijin da aka bari. Matar Hughes, mawaƙiya Sylvia Plath, ta kashe kanta a 1963, littafin kuma ya fito a 1999, shekara guda bayan rasuwarsa, don haka da wuya a karanta kukan Admetus ba a ji muryar marubucin a ciki ba. Ya kuma faɗaɗa buguwar Herakulis, wadda a asali ba ta wuce ƙorafin wani bara da 'yar gajeriyar muhawara ba, har ta zama wasa a cikin wasa, inda jarumin ke kwaikwayon ayyukansa na bajinta, Furomitiyas, wanda aka ɗaure a dutse saboda ya sato wa 'yan Adam wuta, da ungulun da ke cin hantarsa su ma suka shigo. Wannan ɓangare ya yi mini tsawo, domin yana kawar da hankali daga matar da ke kwance a kabari.

Ki fara da Yurifidis, ki lura da yadda Alkestis ta dawo ba ta furta ko kalma ɗaya ba, tunda an hana ta magana sai bayan kwana uku, sannan ki ɗauki Hughes.